Tambaya ga malamai: shin akwai amfani a bar ɗalibai su jagoranci darasi a ajin da ya haura mutum 80?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar gwamnati, kuma ina neman shawarar malaman da suka riga ni daɗewa a wannan aiki game da wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun bayan taron bitar da aka tura mu a hutun da ya wuce. Masu bitar sun nanata mana cewa zamanin da malami zai tsaya gaban allo yana magana shi kaɗai tun shigarsa har a kaɗa ƙararrawa ya shuɗe, kuma abin da ake so yanzu shi ne ɗalibai su riƙe ragamar karatunsu, su yi tambaya, su tattauna rukuni-rukuni, su fito su yi wa 'yan'uwansu bayani, shi kuwa malami ya koma mai sa ido da gyara. Sun sa mun gwada a tsakaninmu da manyan takardu da alƙaluma masu launi, a ɗaki mai fanka da kujerun da ake iya juyawa, kuma gaskiya abin ya yi armashi.

Sai dai ajina ba haka yake ba. Ɗalibai sun haura 80, mutum huɗu ko biyar a benci ɗaya, wasu kuma a ƙasa dab da allo, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin ɗalibai 35 zuwa 40 ga malami ɗaya. Darasi minti 40 ne, kuma kafin a natsu a share allo an ci wani abu daga ciki. Masu littafin lissafi 'yan ƙalilan ne. Ga manhaja mai tsawo da ake so a kammala kafin jarrabawar ƙarshen zango, ga shugaban makaranta wanda da ya ji hayaniya daga wani aji abin da yake fara zato shi ne babu malami a ciki.

Tambayata ita ce, shin wannan tsari yana da wani amfani tabbatacce da ya kai a jure wahalarsa, ko kuwa abu ne da ya dace da makarantun kuɗi masu ɗalibai 20 a aji? Idan yana da amfani, a ina amfanin yake, kuma ta ina mutum zai fara ba tare da iyaye sun ce ana biyan malami albashi amma yara ne ke koyar da kansu ba? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Sufeto ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi tambaya mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Na koyar, na riƙe makaranta, daga baya na yi aikin duba makarantu har na ajiye aiki, saboda haka zan gaya maka abin da na gani daga bayan aji, inda sufeto yake zama.

Kafin komai, kada a ruɗe ka da cewa wannan baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san alaramma ba shi ne ke biya wa kowane kolo babbaƙu da farfaru ba. Titibiri yana biya wa kolo, gardi yana duba allon titibiri, gardawa kuma su haɗu su yi musaffa, wani yana karantawa saura suna saurare, da ya yi tuntuɓe a wasali ɗaya za a tare shi nan take. Kowa yana kan allonsa, ba a wanke wa yaro sai ya iya, kuma ba a tsayar da mai kaifin hadda don ya jira wanda bai kai shi ba. A makarantar zaure ma ɗalibi ne ke zuwa da littafin da ya kai, shi ke karanta nassi malam yana fassarawa, kuma idan an tashi sai abokan karatu su keɓe su yi muraja'a. Mutanen da suka gina wannan tsari ba su da fanka ko takarda mai launi, kuma yawan almajirai ne ma ya sa suka gina shi.

Amfanin da na fi gani da idona shi ne malami yana samun damar jin abin da ke cikin kan yaro. A ajin da malami ke magana shi kaɗai, idan ya tambaya ko an gane, aji duka zai amsa da murya ɗaya cewa an gane, kuma ba zai san gaskiya ba sai ranar da ya zauna da takardun jarrabawa, lokacin da gyara ya riga ya wuce. Na taɓa zama a ajin wani malamin lissafi da ya rubuta 0.5 da 0.25 a allo, ya ce kowa ya nuna da yatsa a ƙirjinsa wanne ya fi girma, yatsa ɗaya ko biyu, ba tare da ya kalli na kusa da shi ba. Fiye da rabin ajin suka zaɓi 0.25, domin a ganinsu 25 ta fi 5. Bai ce musu komai ba, sai ya ce kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa. A bencin da ke gabana wani yaro ya ce wa abokinsa ya ɗauka an ba shi naira 100 ya raba, 0.5 ɗinta naira 50 ce, 0.25 ɗinta kuma naira 25, to wanne zai karɓa? Abokin ya yi dariya ya sauya yatsa. Da aka sake zaɓe, 'yan kaɗan ne suka rage a kan kuskure, kuma malamin ya san su ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan bai ci minti biyar ba. Abin lura shi ne malamin ya riga ya koyar da wannan darasi a makon da ya gabata, kuma a lokacin kowa ya ce ya gane.

Wanda ya yi bayanin ma ya ƙaru, watakila fiye da wanda aka yi wa, domin mutum ba ya sanin iyakar abin da ya sani sai ya buɗe baki zai faɗa wa wani. Kuma yaron da ya fahimci abu jiya bai manta inda ya sha wuya ba, ba kamar malami ba, wanda ya daɗe da sanin abin har ya daina ganin wahalarsa.

Amma zan ja kunnenka a kan abu ɗaya. A yawon duba makarantu na sha tarar da monita a gaban allo yana kwafe rubutu daga littafin malami, da bulala a ɗaya hannun, malamin kuwa yana ƙarƙashin bishiya ko ya tafi wata sabgar. Idan ka yi magana sai a ce ai ɗalibai ne ke jagorantar darasi. A tsangaya alaramma yana nan zaune, kunnensa yana kan kowace murya, kuma shi ke da maganar ƙarshe kafin a wanke allo. Idan za ka ɗauki tsarin, ka ɗauke shi da wannan sharaɗin.

Malam Mai Alli ya amsa:

Ina neman afuwar Baba Sufeto, domin ba na jin misalin tsangaya ya zauna daidai a kan ajin boko, kuma ina ganin ya kamata mai tambaya ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya jefa kansa cikin abin da zai dame shi. Ni malamin fiziks ne a babbar sakandare, kuma masu zuwa hannuna su ne waɗanda suka fito daga irin ajin da ake magana a kai.

A tsangaya nassi ɗaya ne tabbatacce, gardin da ke biyawa ya haddace shi, kuma kuskure yana fitowa fili a kunne. A lissafi ko kimiyya kuwa, yaro yana iya yin bayani da ƙarfin hali da daɗin baki alhali a kan kuskure yake, kuma abokansa su karɓa domin shi ne wanda aka sani da ƙoƙari a ajin. Malami ɗaya ba zai iya sauraren rukuni 16 a lokaci guda ba. Kafin ya kai ga rukunin ƙarshe, kuskuren ya riga ya shiga littattafan mutum biyar, kuma cire kuskuren da ya zauna ya fi koyar da sabon abu wuya.

Sannan duk wanda ya taɓa ba da aikin rukuni ya san yadda yake ƙarewa. Haziƙi ɗaya ya karɓe takarda ya yi aikin, biyu su zuba masa ido, saura su buɗe hirar ƙwallo, a ƙarshe a rubuta sunayen kowa a raba maki daidai. Wanda ya fi buƙatar taimako shi ne ya fi samun wurin ɓuya. Ban da wannan, a ajin ƙaramar sakandare na gwamnati za ka samu yaran da har yanzu ba sa iya karanta jimla ɗaya ta Turanci su fahimce ta, wasu ma ko da Hausa. Wanda bai iya karanta tambaya ba, me zai jagoranta? Abin da yake buƙata shi ne malami ya tsaya a kansa ya koya masa dalla-dalla, ya nuna masa misali, ya sa shi ya maimaita har ya iya.

Ga kuma maganar lokaci, wadda masu bita ba sa son a tayar. WAEC da NECO ba za su tambayi yaro ko ya ji daɗin tattaunawa ba, za su tambaye shi abin da ke cikin manhaja, kuma babin da ba a kai ba, ba a kai ba ke nan. Abin da zan bayyana a minti goma, idan na bar ɗalibai su lalubo shi da kansu sai ya cinye darasi biyu, kuma ba lallai su iso inda ake so ba. Dokokin motsi da Newton ya fitar a 1687 sun gagari masana ƙarnuka masu yawa kafin shi, ban ga dalilin da zai sa a zaci yaro ɗan shekara 15 zai gano su da kansa kafin a tashi tara ba. Ni dai ina tsoron kada a samar wa lalaci suna mai daɗi, a bar 'ya'yan talakawa da asara.

Malamin Kwalejin Ilimi ya amsa:

Malam Mai Alli ya faɗi gaskiya a wurare da dama, kuma binciken masana yana goyon bayansa a kan wani ɓangare, yana kuma saɓa masa a kan wani. Ina ganin rabin gardamar da ake yi a kan wannan batu ta samo asali ne daga haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: sakin ɗalibi ya lalubo sabon ilimi shi kaɗai, da kuma sa shi ya yi aiki da ilimin da aka riga aka shimfiɗa masa.

Na farkon, hujja ba ta tare da shi. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun tattara dalilan da ke nuna cewa mai fara koyon abu yana buƙatar jagora sosai, domin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, kuma idan aka bar sabon shiga yana lalube, ƙarfinsa yana ƙarewa a laluben, bai adana komai ba. Sai ɗalibi ya fara ƙwarewa ne rage masa jagora ke amfanarsa. Tarihi ma ya nuna haka. A 1798 Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan inda manyan yara ke koyar da ƙanana, bayan Andrew Bell ya gwada irin haka a Madras ta Indiya, har ana cewa malami ɗaya zai iya riƙe yara 1,000. Tsarin ya bazu saboda arha, amma bai kai ƙarshen ƙarni na 19 da ƙarfinsa ba, domin yaran da aka ɗora a kan 'yan'uwansu ba su da abin bayarwa sai hadda, kuma babu mai zurfin sani a kusa da zai gyara. Duk gwamnatin da ta ɗauki wannan tsari a matsayin hanyar guje wa ɗaukar malamai, to ga abin da zai same ta.

Na biyun kuwa, hujjarsa tana da ƙarfi, kuma daga fiziks ɗin da Malam yake koyarwa ta fara fitowa fili. Eric Mazur malamin fiziks ne a Jami'ar Harvard wanda ɗalibai ke yabon laccarsa kuma suke cin jarrabawarsa. A wajajen 1990 ya ba su wasu tambayoyi marasa lissafi, masu auna ko sun fahimci ma'anar dokokin Newton, sai ya ga da yawansu sun iya sa lambobi a ƙa'ida su fitar da amsa, amma tunaninsu game da motsi bai sauya daga yadda suka shigo ba. Daga 1991 ya koma yin abin da Baba Sufeto ya bayyana: gajeren bayani, tambaya ɗaya mai sa tunani, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, a tattauna da maƙwabci, a sake zaɓe, sannan malami ya rufe da bayanin daidai. A lura cewa ya yi wannan ne a babban ɗakin lacca mai kujerun da ba sa motsi, saboda haka yawan ɗalibai bai hana ba. A lura kuma da matakin ƙarshe, domin shi ne amsar tsoron yaɗuwar kuskure: ba a tashi sai malami ya faɗi daidai da bakinsa. Tsarin ya fi aiki idan ajin ya rabu a kan amsa. Idan kusan kowa ya kuskure, alama ce ta malami ya sake koyarwa, idan kuma kusan kowa ya dace, sai a wuce gaba.

A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon bincike 225 da aka yi a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Sun samu cewa a azuzuwan lacca zalla kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa, a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da tattaunawa kuwa kusan kashi 22. Amfanin ya fi yawa a ƙananan azuzuwa, amma an same shi har a manya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Colorado a 2009 ya nuna cewa tattaunawar tana ƙara fahimta ko da a rukunin da tun farko babu wanda ya san amsar, wato ba kwafar amsar haziƙi kawai ake yi ba. Akwai kuma wanda ya kamata mai tambaya ya riƙe saboda ƙorafin da zai fuskanta: a 2019 an gwada hanyoyin biyu a kan ɗaliban fiziks a Harvard, waɗanda aka sa su aiki suka fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi jin sun koyu a lacca. Bayani mai santsi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, wahalar tunani kuma tana sa ya ji kamar bai iya ba.

Dole a yi adalci a ce yawancin waɗannan a jami'o'in Amurka aka yi su, kan ɗaliban da suka iya karatu kuma suke da littattafai. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na ƙasar Kolombiya, inda a 1975 Vicky Colbert da abokan aikinta suka fara tsarin Escuela Nueva domin makarantun karkara da malami ɗaya ke riƙe aji da yawa a ɗaki ɗaya. Yara suna aiki a ƙananan rukunai, kowa yana ci gaba gwargwadon saurinsa, wanda ya tafi taya iyayensa girbi yana dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma daga baya gwamnati ta faɗaɗa shi zuwa makarantun karkara kusan 20,000. Sai dai ginshiƙinsa littattafan jagora ne da aka rubuta da kyau domin yaro ya bi mataki-mataki, tare da horar da malamai, kuma wannan shi ne ɓangaren da ake yawan mantawa idan an zo kwaikwayo.

Game da yaran da ba su iya karatu ba, maganarsu daban ce kuma ta fi gaggawa. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, ta raba yara bisa matakin da suka kai a karatu maimakon ajinsu, an gwada ta a Kano da Borno, kuma irinta suke buƙata kafin a ce su jagoranci komai.

Malamar Bayoloji ta amsa:

Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma ajina bai fi na mai tambaya sauƙi ba, saboda haka zan faɗi yadda nake yi da kuma wani amfani da ban ga an ambata ba.

Yawancin 'yan matan da nake koyarwa an rene su a kan cewa yawan magana a gaban babba rashin kunya ne, kuma wannan tarbiyya ce da ba na son in rushe. Amma sakamakonta a aji shi ne yarinya tana iya shekara uku ba a ji muryarta ba, ta sunkuyar da kai ta ja hijabi ta rufe baki duk lokacin da ido ya faɗa kanta. Irin wannan yarinya ba za ta ɗaga hannu a gaban mutum 80 ba, amma za ta yi magana a gaban mutum huɗu. Idan ta faɗi abu a rukuni aka karɓa, gobe sai ka ga ta yarda ta faɗe shi a gaban aji, domin yanzu maganar rukuninsu ce take isarwa, kuma idan an yi kuskure ba ita kaɗai za a kalla ba. Waɗannan su ne za su zama ungozomomi da malaman jinya da malamai, aikin da duk bayani ne ga mutane. Mu mata ma muna da abin koyi a gida, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta koyar da wasu mata jagorori da ake kiran kowaccensu jaji, su kuma suka riƙa kai karatun ga matan ƙauyuka, abin da aka sani da 'Yan Taru.

Matsalar da Malam Mai Alli ya kawo ta haziƙa ɗaya ta yi aiki saura su huta gaskiya ce, kuma maganinta a wurina shi ne ba rukuni ke zaɓen mai magana ba. Benci na gaba yana juyowa ya fuskanci na baya, kowace yarinya tana da lamba, kuma sai an gama tattaunawa nake kiran lambar da za ta tashi. Tun da babu wadda ta san ko ita ce, haziƙar ba ta da zaɓi sai ta tabbatar kowa ta gane, domin makin rukunin yana hannun wadda aka kira. Gwajin ƙarshe kuma kowa ita kaɗai take yi.

A darasin tsirowar iri, maimakon in rubuta musu sharuɗɗan a allo, na tambaye su me ƙwayar wake take buƙata kafin ta tsiro. Suka ce ruwa, ƙasa, rana, wasu suka ƙara da taki. Na ce kowane rukuni ya kawo gwangwanayen madara da wake, su tsara yadda za su gwada abu ɗaya daga ciki. Masu cewa sai da rana suka sa nasu a cikin kwali suka rufe, suna da tabbacin ba zai fito ba, sai ga shi ya tsiro, dogo, fari fat, ya ma fi na waje tsawo. Gardamar da ta biyo baya ita ce ta kai mu ga bambancin abin da iri ke buƙata don ya tsiro da abin da tsiro ke buƙata don ya rayu, kuma su suka kawo tambayar. A wani rukuni kuma waken bai fito ba duk da an ba shi ruwa, sai wata yarinya da ban taɓa jin ta yi magana ba ta fasa ƙwayar ta nuna mana cewa ƙwaro ya huda ta ya cinye idon, ta ce a gidansu ba a ajiye irin wannan don shuka. Daga bakinta muka shiga bayanin sassan ƙwayar iri. Bayan haka na tsaya a allo na tsara musu komai da kalmomin da jarrabawa ke so, suka kwafa.

Ba kowane darasi nake yi haka ba, kuma ba zan ce yana rage aiki ba. Shirya tambaya ɗaya mai kyau ya fi rubuta shafi biyu na bayani cin lokaci. Abu mafi arha da mai tambaya zai fara da shi gobe shi ne jira: Mary Budd Rowe ta gano tun shekarun 1970 cewa malamai ba sa jira fiye da daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan aka kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna ƙara tsawo, masu amsawa ma suna ƙaruwa.

Malamin Lissafi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan fara da zaɓe da yatsa da tattaunawar mutum biyu, tun da ba ya buƙatar a motsa benci. Abu biyu suka rage mini. Idan na ce su tattauna, da Hausa za su yi, alhali da Turanci za a yi musu jarrabawa, shin in hana ko in bari? Sannan yaya zan yi da shugaban makaranta game da hayaniya?

Tsohon Sufeto ya sake amsawa:

Ka bar su su yi da Hausa. Idan ka tilasta Turanci a wannan gaɓar, masu magana za su koma mutum biyar ɗin da ka saba ji, kuma ka rasa abin da ka fito nema. Amma wanda ka tayar ya faɗa wa aji, ya yi ƙoƙarin faɗa da Turanci, kai kuma ka rubuta kalmomin lissafin a allo yadda za su gan su a takardar jarrabawa, su kwafa.

Shi kuwa shugaban makaranta, kada ka bari ya fara jin labarin daga taga. Ka same shi a ofis kafin ka fara, ka gaya masa abin da kake son gwadawa da ranar da za ka yi, ka roƙe shi ya shigo ya zauna a baya. Ka koya wa yaran alamar tsayawa tun ranar farko, ko tafi biyu ko ɗaga hannu, kuma kada tattaunawa ta wuce minti biyu ko uku, domin idan ta yi tsawo hira take komawa. Idan kana koyar da aji biyu masu mataki ɗaya, ka yi sabon tsarin a ɗaya, ka bar ɗayan yadda ka saba, ka ba su tambayoyi iri ɗaya a ƙarshen babin, sannan ka sake ba su makamantansu bayan wata guda ba tare da sanarwa ba. Ka kai masa takardun duka biyun ya duba da kansa, kuma ka turo mana sakamakon a nan, domin na san Malam Mai Alli zai so ya gani.